Wanda Ya Ci Tsutsar Yu Tip

A ƙauyenmu na Man Hok, idan ruwa ya ɗauke, shinkafa ta sunkuyar da kai, ba wanda ke riga Yu Tip shiga kurmin gora. Bazawara ce. Mijinta ya bi fatake masu alfadarai zuwa kudu da kayan ganyen shayi, masassara ta kayar da shi a hanya, ko gawarsa ba a kawo ba. Ya bar mata gida a kan turaku, da alade, da 'ya ɗaya mai suna Yu La. Baki kuwa nata ne tun asali, ba gadonsa ta ci ba. Idan Yu Tip na dariya a rafi, ana jinta har haikali. Idan kuwa zagi take yi, karnuka ma kan shige ƙarƙashin gida.

Tun tsakiyar damina take fara zagaya kurmi tana duba sababbin gora. Wanda tsutsa ta shiga ba ya ɓuya: gaɓoɓinsa gajeru, jikinsa a murɗe kamar yaron da aka yaye ba shiri, can ƙasa kuma da ɗan rami da bai fi ƙwayar shinkafa ba. In ta gan shi sai ta ƙulla masa ganye, irin ƙullin gidansu, ta wuce. Daga nan sai haƙuri. Sai sanyi ya shigo, tsutsar ta gama cinye cikin goran, ta yi ɓul-ɓul, ta sauko ta taru a gaɓa ɗaya tana barci, sannan a zo da adda. Sara ɗaya mai kyau, sai ka ga farare tas suna zubowa a ƙwarya suna motsi. A jefa su a man alade mai zafi, a barbaɗa gishiri. Duk wanda ƙamshin nan ya ratsa gidansa bai leƙo ba, mura yake yi.

Ƙullin ganye ba abin wasa ba ne a wurinmu. Mutum zai ɗebi lemon gonarka, ka yi masa tsiya, ku rabu da dariya. Amma wanda ya sare goran da wani ya ƙulle, alade zai biya, kuma shi zai goya shi ya zaga gari da shi, yara na binsa da waƙa. Aladen a cinye shi rana ɗaya, sunan kuwa ya bi mutum har jikoki.

A wannan shekarar Yu Tip ta dace da wani cunkuson gora bayan ƙaramin rafi, kusan duk tsutsa ta shige shi. Ta ƙulle su, ta hana kanta taɓawa. 'Yarta Yu La, wadda ke aure a ɗaya gefen gari, ta samu ciki bayan an daɗe ana jira, har dangin miji sun fara jefa magana. Yu Tip ta ce wannan kurmin na jikanta ne: rabi za ta ba fatake su ba ta yadi da gishiri, rabi a soya wa masu zuwa barka.

Shi kuwa Ai Nuan surukin mai gari ne. Daga wani ƙauye can saman kogi ya zo, da riga ɗaya a wuyansa, ya auri 'yar mai gari tilo, ya zauna a gidan. Kyakkyawa ne, mai sanyin murya, ba ya wuce tsoho bai rusuna ba. Kowa ya san tunda mai gari ba shi da ɗa namiji, kujerar za ta faɗo wa Ai Nuan, muddin bai yi abin kunya ba. Amma a cikin gida shi ke cin abinci a ƙarshe, kuma surukarsa ta san kowane yanki na naman da ke tukunya kamar yadda ta san haƙoranta.

Wata safiya ya biyo ta rafi yana jan ɓaunar huɗa, mata na wanki.

"Ina kwana, Yaya Yu Tip?"

"Lafiya lau, surukin mai gari. Kai ke jan ɓaunar ko ita ke jan ka? Na ga ta fi ka cika ido."

"Ai ɓaunar Baba ce, Yaya, dole ta fi ni ƙiba."

"To ka roƙe su su riƙa ɗaure ku a turke ɗaya mana, ko ka samu ragowa."

Mata suka kwashe da dariya. Ai Nuan ya yi murmushi ya wuce, kunnuwansa sun yi ja.

Abin da ya faru a kurmi bayan 'yan kwanaki ba wanda ya gani. Shi da bakinsa ya faɗa bayan shekaru masu yawa, kuma za ku ji yadda aka yi ya faɗa. Ɓaunar ce ta tsinke, ya bi sawunta da sassafe, da 'yar butar giyar shinkafa da ya ɓoye a riga, cikinsa ba komai. Ya same ta bayan ƙaramin rafi tana kiwo. Ya zauna hutawa, ya ɗaga kai sai ga ƙullin ganye ko'ina. Ya gane ƙullin. Ya ce a ransa ɗaya kawai, ba za ta ma lura ba.

Ya sara, suka zubo. Ya hura wuta, ya gasa su a cikin gaɓar gora, ya ci yana korawa da giya. Tunda ya zo Man Hok bai taɓa cin abu mai maiƙo ba tare da ido a kansa ba sai ran nan. Ya sake sara. Da ya dubi goran biyu a kwance, sai ya ce ai ɓarawon ɗaya da ɓarawon goma alade ɗaya za su goya. Ya bi su duka ya fasa, ya ci har ya kasa, ragowar ya ɗure a gaɓoɓi ya ɓoye cikin wani kogon itace don ya sayar wa fatake. Tun yana yaro in ya ci tsutsa leɓɓansa kan ɗan yi ƙaiƙayi, amma bai taɓa samun wadda ta wuce cikin tafin hannu ba, don haka bai san abin da cikin ƙwarya ke yi wa jikinsa ba.

Bai daɗe da barin wurin ba Yu Tip ta iso zagayenta. Ta tarar da gora a farfashe, ganyenta a ƙasa, toka da sauran ɗumi. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki gaɓa ɗaya da aka fasa, ta miƙe sai bakin rijiyar tsakiyar gari, rana na tsaka, mutane sun dawo daga gona.

"Ku fito ku ji! Wanda ya ci tsutsar jikana, ta ci shi! Ta ci shi ta ciki yadda take cin gora! Ya kumbura kamar mushen ɓauna a kogi! Maƙogwaronsa ya toshe, ruwa ma ya gagare shi!"

Mutane suka leƙo suna dariya, don sun saba. Wani ya ce, "Bara ma haka kika tsine wa shaho, ga shi can har yau yana ɗibar 'yan tsaki." Wata tsohuwa ta ce, "Yu Tip, sassauta. Baki shi ke yanka wuya."

"Wuyan ɓarawo zai yanka, Iya."

Ai Nuan na tsaye a gefe da igiyar ɓauna a hannu, yana sosa wuya.

Kafin inuwa ta karkata ya faɗi a gindin tsanin gidan mai gari. Borin jini ya feso masa daga kai har tafin ƙafa. Idanunsa suka rufe don kumburi, leɓɓansa suka zama kamar an ɗora masa hanta, numfashi na fita da ƙyar yana fito kamar sarewa. Aka kinkime shi sama, matarsa na ihu, aka ruga aka kira boka.

Boka ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Pipa ce." Wato mayyar da ke shiga jikin mutum ta ci shi yana raye. Maganinta a wurinmu ɗaya ne: a matsa mata har ta faɗi sunanta ta bakin majinyaci, in ta faɗa ta tonu, sai ta gudu. Maza suka danne Ai Nuan. Boka ya ciro haƙorin damisa daga jaka, ya riƙa caka masa a haƙarƙari da tsakanin yatsu.

"Wace ce ke? Daga wane gida kika fito? Faɗi!"

Ai Nuan ya tabbata mutuwa zai yi. Tsinuwar da ya ji a bakin rijiya ce kawai a kunnensa, ga ta tana cika kalma bayan kalma. Abin da yake so shi ne a kira matar ya roƙe ta ta janye bakinta. Ya tattara ɗan numfashin da ya rage.

"Yu Tip... ku kira... Yu Tip..."

Boka ya ɗaga haƙorin ya dubi mutanen ɗaki. "Kun dai ji da kunnenku."

Jim kaɗan Ai Nuan ya yi amai mai yawa, ya zube ƙarƙashin gida ta tsagar dandamali, kaji suka cinye. Numfashinsa ya fara sauka. Kashegari idanunsa sun buɗe, yana shan ruwan shinkafa. Boka ya ce ai dama, tunda ta tonu ta sake shi.

Aka tara gari a gindin babban ɓaure. Yu Tip ba a je kamo ta ba, da ƙafarta ta zo, da fasasshen goranta a hannu, fuskarta har da fara'a. A ganinta shari'a ta ƙare.

"Ashe kai ne, ɗan sanyin murya! Na ce ɓarawo ya kumbura, ga wanda ya kumbura. Me kuma ake jira? A kawo alade!"

Mai gari ba mugun mutum ba ne, tsoho ne mai son a zauna lafiya. Ya ce, "Yu Tip, rufe bakinki tukuna. Maganar biyu ce. In Ai Nuan ya sare gora mai ƙulli, to iskokin kurmi ne suka kama shi da hakki, ba ruwan kowa, ya goya alade a wuce wurin. In kuwa bai sare ba, to wani abu ne ya shige shi, kuma ya faɗi sunan abin." Ya juya ga surukinsa, wanda aka zaunar a kan tabarma da bargo. "Ɗana, faɗi gaskiya. Ka taɓa goranta?"

Ai Nuan ya dubi matarsa. Ya dubi surukarsa, wadda ta tsuke baki tana jiran ta ji. Can baya yara har sun fara rera waƙar mai goyon alade ƙasa-ƙasa, suna tuntsira dariya.

"Baba," in ji shi, "ni ko inda kurmin yake ban sani ba. Ina dawowa da ɓauna ta dube ni a bakin rijiya, na ji abu ya shige ni kamar sanyi. Da na faɗi, ita na gani zaune a ƙirjina."

Yaran suka bar waƙar.

Fara'ar ta bar fuskar Yu Tip. Ta matso, ta sauke murya, abin da ba a taɓa ji ta yi ba.

"Ai Nuan, dube ni. Alade ne fa. Alade ɗaya. In ba ka da shi, ni zan ba ka nawa ka goya."

Ya ja bargo ya rufe kai. "Kun gani ko? Har yanzu ja na take yi. Ku janye ta daga kaina."

Daga nan kowa ya fara tunawa. Wata ta tuna Yu Tip ta taɓa yaba ƙibar jaririnta, bai kai damina ba. Wani ya tuna kajinsa. Aka tuna mijinta, namiji ƙaƙƙarfa, ya mutu ba gawa. Aka ce dama ta yaya mace ɗaya za ta riƙa ganin tsutsa a cikin gora rufaffe in ba da ido na biyu ba? Masu faɗin haka duk sun sha zama a dandamalinta suna lashe yatsa. Wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tata ta bakin magudanar ruwa ya fi kowa ɗaga murya.

Mai gari ya yanke abin da aka saba yankewa: ta bar gari kafin rana ta faɗi, a ƙone gidan, kada ta ɗauki abin da ya fi ƙarfin kanta. Aladenta aka kashe nan take, aka ce ba mai cin naman mayya. Amma da yamma unguwa biyu sun yi ƙamshi.

Ana shirin tashi boka ya ce, "Saura ɗaya. Abin nan a nono ake shansa. Daga uwa sai 'ya."

Idanu suka koma kan Yu La. Tana tsaye cikin dangin mijinta, ciki ya tsufa, hannunta a kansa. Uwar mijinta ba ta jira an ce komai ba, ta sa hannu ta tura ta tsakiyar fili.

"Ga ta nan. Dama na ce cikin da ya ƙi zuwa shekara da shekaru ba banza ba. Ta bi uwarta."

Mijin ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Yu La ta tare cikinta da hannu biyu. Kowa ya san mace mai wannan ciki ba za ta kai ƙetaren kogi da ƙafa ba.

Sai Yu Tip ta fashe da dariya, irin tata ta rafi.

"Wannan? Wannan ce 'yata? Kai, lallai Man Hok makafi ne! Ku dubi hancinta. Ku dubi ƙafafun nan kamar na mai hawan dutse. Shekarar da muka yi a garin su mijina, a bakin hanya ya tsinto ta, 'yar mutanen tudu ce, uwarta ta mutu ƙudaje na binta. Ni ko ɓari ban taɓa yi ba. Da ruwan shinkafa na raine ta, kuma ban ga abin da ta tsinana mini ba, raguwa, ko gora ba ta iya dubawa. Ku riƙe kayarku, ni ba na so."

Akwai tsofaffi a wurin da suka ga Yu Tip na shayar da yarinyar nan a gindin wannan ɓauren. Ba wadda ta tanka. Boka ya auna maganar, sannan ya ce, "In ba jininta ba ce, ba za ta ji komai ba. Ita za ta sa wa gidan wuta."

Aka ɗunguma zuwa gidan. Aka miƙa wa Yu La bakin wuta. Ta karɓa, ta tsaya a gindin tsanin da ta koyi hawa da rarrafe, tartsatsi na zuba a zaninta. Ta kai wutar jikin turke, ta ƙi kamawa.

"Ta gefen rumbu, sakarya," in ji Yu Tip. "Can ya fi bushewa. Komai sai an nuna miki."

Ta gefen rumbu ta sa. Gidan gora da ciyawa ba ya jan lokaci. Gaɓoɓi suka riƙa fashewa kamar bindiga, yara na tsalle duk lokacin da ɗaya ta fashe.

Yu Tip ta ɗauki addarta da tukunya ɗaya da ɗaurin shinkafa. Mai fito ya ce ba za ta taka kwale-kwalensa ba, sai da ta sari gora ta ɗaure da kanta ta ƙetare a kai. Samari suka raka ta har gaɓa da jifa, ba don su same ta ba, don dai kada ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Can ƙetare, bayan tsaunuka, akwai ƙauyen da korarru irinta suka kafa, wanda mutanen kirki ba sa ambaton sunansa. Can ta nufa.

Mai gari ya ba Ai Nuan kurminta da gonarta, wai ladan wahalar da ya sha. Maƙwabcin da ya fi kowa ihu bai samu ko taki ɗaya ba, ya mutu yana ƙorafi. Ai Nuan bai sake kai tsutsa bakinsa ba, yana cewa tun abin da mayya ta yi masa ko ƙamshinta ba ya so, mutane na tausaya masa. Amma yana sa a sara masa, yana sayar wa fatake. Ya sauke rufin ciyawa ya yi wa gida na tayil, irin na masu kuɗi. Da tsohon ya rasu ya hau kujera, kuma ba a ce ya yi mulkin zalunci ba.

Yu La ta haifi mace. Dangin miji suka riƙe Yu La, amma sunanta ya koma 'yar tudu, kuma an daɗe ana ware mata ƙwaryar sha. Ta yi ta haihuwa, ta yi ta aiki, ba ta da baki ko kaɗan. 'Ya'yanta ta gaya musu kakarsu ta mutu a kan dutse tun ita Yu La tana jaririya. Masu zuwa babbar kasuwar ƙetare sukan dawo su ce sun hango Yu Tip da gaɓoɓin tsutsa a gabanta, baƙi na saye, su kuwa sun bi ta ɗaya layin. Yu La ba ta taɓa zuwa wannan kasuwa ba. Duk ranar da za a je, kanta ke ciwo.

Haka aka yi ta tafiya har 'yar da ta haifa ta yi aure. Sai zamani ya juya. Sabuwar gwamnati ta turo mutane masu hula da jakar littattafai, suka sauke masu gari, suka ce daga yau ba mayya, duk wanda ya sake korar wani zai gamu da hukuma. Suka tara gari a filin haikali, suka ce duk wanda aka taɓa zalunta a tsohon zamani ya tashi ya faɗa.

Mutane suka yi ta kallon juna. Wanda ya fara miƙewa shi ne Ai Nuan, furfura ta fara masa, murya na nan da sanyinta. Ya ga inda iska ta dosa.

Ya ce shi ɗan talaka ne, da riga ɗaya ya zo garin nan. Ya faɗi yadda aka mai da shi bawa a gidan mai gari, yadda yake ci a ƙarshe, yadda ɓauna ta fi shi daraja. Ya ce yunwa ce ta kai shi kurmin wata baiwar talaka irinsa, ya sare goranta ya ci, jikinsa ya ƙi. Ya faɗi komai, har kogon itacen da ya ɓoye ragowar. Ya ce ya so ya faɗi gaskiya, amma ga haƙorin damisa a haƙarƙarinsa, ga surukinsa a kansa, ina talaka zai samu baki? Ya ɗaga riga ya nuna tabon. Ya yi kuka da hawaye sosai.

Tsohon mai gari ya daɗe a ƙasa, ba zai musa ba. Boka kuwa yana nan, ya tsufa, ido ɗaya ya mutu. Shi aka jawo tsakiyar fili aka durƙusar a rana, waɗanda suka jefi Yu Tip suna tofa masa yawu. Masu hula suka tafa wa Ai Nuan, suka ce ga mutumin da idonsa ya buɗe. Kafin shekara ta zagayo shi ne shugaban aikin gayya na ƙauye.

Yu La na cikin taron, a baya, ba wanda ya tambaye ta komai.

Bayan girbi ta ɗaura shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba, ta ɗauki sabon zani da ta saƙa, ta ƙetare kogi. Ta yi ta tambaya har ta isa. Ƙauyen korarru ba shi da bambanci da namu, har ya fi namu tsabta. Aka nuna mata wata 'yar bukka a ƙarshen gari. A ƙarƙashinta wata tsohuwa ce zaune tana tsaga gora, ta ƙanƙance kamar yarinya, gashi fari fat.

"Inna."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Wa ke nan?"

"Ni ce. Yu La."

Addar ta tsaya, sannan ta ci gaba. "Zauna mana. Ga kututture nan."

Yu La ta durƙusa a ƙasa. "Inna, ya faɗa. Ai Nuan ya faɗa a gaban kowa, shi ya sare goran."

"Ai na sani tun ranar. Ke ma kin sani."

"An ce duk wanda aka kora ya dawo. Na zo in tafi da ke."

"In dawo ina? Gidan da kika ƙona?"

"Inna, ke kika ce in sa."

"Ni na ce." Ta jefa tsagin gora kan tari. Muryarta ta zama ƙarama, sai an kasa kunne. "Abin da ke cikinki ran nan, me kika haifa?"

"Mace. Ta yi aure. Har ta haihu."

"Me kika ce mata game da ni?"

Yu La ta kau da kai.

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta a karo na farko, ta daɗe tana kallo, tun daga furfurar kanta har ƙafafun.

"Na ce ba ni na haife ki ba don su ji," in ji ta. "Ban faɗa don ke ki ji ba. Kogin nan ko da damina ana ƙetare shi. Duk ranar kasuwa ina zama ta inda nake ganin hanyar Man Hok, rana na dukana a fuska, masu rumfa na cewa tsohuwa ki koma inuwa. Na ce wata rana za ta wuce, ko ba ta tsaya ba, in ga abin da ta goyo. Tun ina gane fuska daga nesa har na daina ganewa."

Yu La ta kifa goshi a ƙasa tana kuka, ta kamo ƙafar uwar. Tsohuwar ba ta janye ba, ba ta kuma taɓa kanta ba. Da kukan ya lafa, ta kira wata maƙwabciya ta ce, "Na yi baƙuwa daga ƙetare, a sama mata abinci." Aka kawo a kwanon baƙi. Shinkafar da Yu La ta kawo ta raba wa yaran unguwa. Zanin ta shafa, ta ce saƙar ta yi sako-sako a baki, ta ajiye shi a gefe.

Da rana ta karkata ta ce, "Ki kama hanya, kada mai fito ya tashi."

"Zan dawo, Inna."

"To."

Ba ta raka ta ko bakin hanya ba. Yu La na tafiya tana jin ƙarar adda a bayanta.

Ta yi niyyar komawa, amma aikin gayya ba ya barin mutum ya motsa sai da izinin shugaba, kuma ta kasa zuwa gaban Ai Nuan ta roƙa. Da damina ta zo, wani mai tallan gishiri ya tsaya a bakin rijiya, cikin hira ya ce tsohuwar nan mai tsutsa ta ƙetare ta rasu, an ma daɗe da binne ta. Yu La na cikin masu jan ruwa. Ta cika tulunta ta tafi gida. Ita ma ba ta yi tsawon rai ba bayan haka.

Ai Nuan ya binne su duka. Ya ga jikokin jikokinsa. Da aka sake buɗe haikali bayan shekarun da aka rufe shi, shi ya sayi babbar ganga, aka rubuta sunansa a jiki. Ya mutu a kan shimfiɗarsa, cikin barcin rana, bayan ya ci abinci. Na je jana'izarsa ina budurwa. An yanka shanu, an zo daga ƙauyuka har na ƙetaren kogi, kuma tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin taro irinsa a Man Hok ba.